Kwas ɗin akanta mai araha ta intanet: wa zai karɓi kiredit ɗin?

Matashin da ke riƙe da littafin shago a Shara Mansur, ko wanda ke yanka rasit a kamfanin aika kaya a Jidda, yakan ci karo da talla a waya: karatun akanta ta intanet, dala 99 a wata, da kiredit ɗin da jami'a za ta karɓa. Tallar ba ƙarya ba ce. Sai dai an rubuta ta ne domin ɗan Amurka mai shirin shiga jami'ar Amurka. Kai da kake zaune da igama, wato takardar izinin zama, a Makka ko Madina, takardarka ta sakandare ta WAEC ce ko sanawiyyar nan, lissafinka daban ne. Kiredit ba shi da wata daraja a karan kansa, sai wadda mai karɓarsa ya ba shi. Don haka tambayar farko ba "nawa ne" ba ce, "wa zan kai wa" ce.

A tsarin Amurka digirin farko kiredit 120 ne, kwas guda kuma yawanci kiredit 3. Shi ne abin da jami'o'in nan ke kira sa'a mu'tamada, 'yan Najeriya kuma su ce yunit. Asalin ma'aunin shi ne awa ɗaya a aji da awa biyu na bita a gida kowane mako, har mako 15. Kwas mai kiredit 3 ya kama awa 135 ke nan. Wanda ya ce maka za ka gama Financial Accounting cikin kwana huɗu, ko dai ya riga ya san abin tun da, ko kuma amsoshi kawai ya cika bai koyi komai ba. (Kada a haɗa wannan kiredit da na debit da kiredit, wato madin da da'in. Suna ne kawai ya zo ɗaya.)

Takardun da ake samu ta intanet iri uku ne, kuma a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Akwai shaidar kammalawa, irin wadda Udemy da yawancin kwasa-kwasan Coursera ke bayarwa. Tana da kyau a jikin takardar neman aiki, amma ba kiredit ba ce. Akwai kwas ɗin da majalisar ilimi ta Amurka, ACE, ko takwararta NCCRS, ta duba ta ce ya kai darajar kiredit kaza. Kalmar da suke amfani da ita shawara ce, ba umarni ba: jami'a ta ga dama ta karɓa, ta ga dama ta ƙi, ba wanda zai tuhume ta. Na uku shi ne kwas ɗin da jami'a tabbatacciya ta koyar da kanta, ta rubuta shi a takardar sakamakonta da hatiminta. Wannan ya fi tsada, kuma shi ya fi tafiya nesa.

Farashi a riyal

Lissafin ba wuya, tunda riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986. Farashin kamfanonin ne ke motsi, saboda haka a leƙa shafinsu kafin a biya.

Mafi araha shi ne Saylor Academy. Karatun kyauta ne, jarrabawar da ake sa wa ido ce kawai ake biyan dala 5, wato ƙasa da riyal 19, kuma ana neman kashi 70 cikin ɗari. BUS103 shi ne akantar farko, BUS105 kuma ta gudanarwa. Ba malamin da zai bi ka, karatu ne mai yawa na kai da kai. Sophia Learning kuɗin wata take karɓa, dala 99, kimanin riyal 371, kwas biyu a buɗe lokaci guda, da ka gama ɗaya ka buɗe wani. Tana da Financial Accounting da Managerial Accounting duka. StraighterLine ita ma kuɗin wata ne kusan haka, sannan kowane kwas da nasa kuɗin a kai. Study.com ta fi su yawan darussan akanta, har da Intermediate da Cost Accounting, sai a duba wane tsarin biyan ne ya ƙunshi kwas ɗin da ake so, domin ba duka ke buɗuwa da ƙaramin kuɗi ba. Duk waɗannan huɗun a kan shawarar ACE ko NCCRS suke tafiya.

CLEP hanya ce ta daban: ba kwas, jarrabawa ce kawai daga College Board. Ta Financial Accounting tambaya 75 ce cikin minti 90, maki daga 20 zuwa 80, ACE kuma ta ba da shawarar kiredit 3 ga wanda ya samu 50. Kuɗinta bai kai dala 100 ba, ban da abin da cibiyar jarrabawa za ta karɓa. Wanda ya faɗi sai ya jira wata uku. Inda take ba mu matsala shi ne rubuta ta daga gida na waɗanda ke cikin Amurka ne, mu sai mun nemi cibiya. In cibiyar ta kama a wata ƙasa, to ga tikiti, ga bizar fita da dawowa riyal 200, arahar ta tafi.

Daga ɓangaren jami'o'i na haƙiƙa, Jami'ar Jihar Arizona tana da tsarin da ta kira Universal Learner Courses: dala 25 ka shiga kwas, ka gama ka ga makinka, in ya yi maka ka biya dala 400 a rubuta shi a takardar jami'ar. Jimla dala 425, kusan riyal 1,594 a kwas ɗaya. Ya ninka kuɗin watan Sophia sau huɗu da 'yan kai, amma abin da ka riƙe takardar jami'a ce, ba shawara ba. A ganina, ga wanda bai tsayar da jami'ar da zai ƙare a cikinta ba tukuna, wannan ya fi aminci. Araha ba ta ado.

Fara daga ƙarshe

Tsarin da ke aiki shi ne a zaɓi jami'ar da za ta ba da digirin tukuna, sannan a koma baya a sayi kiredit ɗin da ita ta ce tana so. Jami'o'in da aka sani da buɗe ƙofa ga irin wannan kiredit sun haɗa da Thomas Edison State University a New Jersey, Excelsior University a New York, Charter Oak State College a Connecticut, da Southern New Hampshire University wadda ke karɓar har kiredit 90 cikin 120. Western Governors University ana yawan ambatonta a bidiyoyin masu gama digiri da sauri, amma ba ta ɗaukar mazauna wajen Amurka, kada ka ɓata lokaci a kanta. University of the People ba ta karɓar kuɗin koyarwa sai na neman shiga da na jarrabawar kowane kwas, tana ma da sashen Larabci, sai dai digirinta na harkokin kasuwanci ne, ba akanta zalla ba.

Da ka zaɓa, ka rubuta wa ofishin magatakarda ko na ɗaukar ɗalibai. Tambayar "kuna karɓar Sophia?" ba ta wadatar ba, za su ce e, kuma ba su yi maka ƙarya ba. Ka ambaci sunan kwas ɗin da lambarsa ta ACE, ka tambaya wane kwas nasu zai maye, kuma a ina zai zauna cikin digirin: cikin darussan dole na akanta, ko cikin na zaɓi? Ga dalili. Kowane digiri yana da gurbin darussan zaɓi mai iyaka. In aka karɓi kwas ɗinka aka jefa shi can, an karɓa ɗin, amma sai ka sake karanta akantarsu da cikakken farashi. In gurbin ma ya cika, kiredit ɗin yana nan a takarda, bai rage maka ko kwana ɗaya ba. Amsar da suka ba ka ka ajiye ta a rubuce, da kwanan wata, domin manhaja tana canzawa kowace shekara, kuma yawanci wadda ke aiki a kanka ita ce ta shekarar da ka yi rajista, ba ta shekarar da ka yi tambaya ba.

Akwai wasu tarkuna da ba a gani sai an faɗa. Shawarar ACE tana da ranar farawa da ranar ƙarewa ga kowane kwas, ana ganinsu a kundin da suke kira National Guide. Wanda ya gama kwas bayan wa'adin ya ƙare, kafin a sabunta, ya yi aikin banza. Sannan akwai mataki: darussan aji ɗaya da biyu, masu lamba 100 da 200, su ne na ƙasa, masu 300 da 400 na sama. Financial da Managerial na ƙasa ne, su ake karɓa cikin sauƙi. Intermediate Accounting, wanda shi ne ƙashin bayan digirin akanta, a yawancin jami'o'i na sama ne, kuma sunan da kamfani ya sa wa kwas ɗinsa ba shi ne hujja ba, matakin da ACE ta ba shi ne hujja. Makarantun kasuwanci masu shaidar AACSB, ƙungiyar da ke tantance ingancin irin waɗannan makarantu, su suka fi tsauri a nan, da dama ba sa yarda a kawo darussan sama daga waje.

Maimaici ma asara ne: CLEP Financial Accounting da BUS103 da na Sophia abu ɗaya ne, ɗaya za a ƙirga. Yawancin jami'o'i kuma suna sharaɗin a yi akalla kiredit 30 a wurinsu, sannan makin da ka kawo daga waje ba ya shiga matsakaicin makinka, kiredit ɗin kawai ke wucewa. In jami'ar tana aiki da zango huɗu a shekara, kiredit ɗinta kashi biyu cikin uku ne na mai simesta. Na Turai kuwa, ECTS, 60 ne a shekara, wato kusan biyu a madadin ɗaya na Amurka.

Takardar sakandare ita ma sai an tantance ta. Jami'o'in sukan tura mutum wajen kamfanoni irin WES ko ECE, da fassarar Ingilishi in ta Larabci ce, sannan shaidar iya Turanci, TOEFL ko IELTS ko Duolingo. Wannan kuɗin a sa shi cikin lissafi tun farko, domin sau da yawa ya fi na kwas biyun farko a haɗe.

Ranar da takardar ta dawo Saudiyya

A nan ne maganar ta fi nauyi, kuma a nan ne masu talla ba su da abin faɗa. Ma'aikatar Ilimi ta Saudiyya ta daɗe tana tsaurara mu'adala, wato amincewa da daidaiton takarda da ta gida, ga digirin waje da aka yi daga nesa. Sharaɗin da aka saba da shi shi ne intizam, wato halartar aji da zama a ƙasar da aka yi karatun, kuma wajen tasdiƙin takarda akan nemi jami'a ta bayyana yadda aka yi karatun, a aji ne ko ta intanet. Shigar Saudiyya yarjejeniyar Apostille a Disambar 2022 ta sauƙaƙa tabbatar da hatimi da sa hannu, amma tabbatar da cewa takarda ba jabu ba ce daban, amincewa da karatun da ke cikinta daban.

Wannan ya shafi aiki kai tsaye. Tun 2019 baƙon da sana'ar akanta ke rubuce a igamarsa sai ya yi rajista da hukumar akantoci, SOCPA, kafin a sabunta masa, ita kuma takardun karatu take dubawa. Ga kuma sa'wada: a 2021 aka wajabta wa kamfanin da ke da akantoci biyar ko fiye ya ba 'yan ƙasa kashi 30 na guraben, a ƙarshen 2025 aka ɗaga zuwa 40, da niyyar kaiwa 70 a hankali. Wanda zai zuba shekara uku da dubban riyal ya kamata ya san wannan kafin ya fara. Ƙananan shaguna da kamfanonin da akantocinsu ba su kai biyar ba dokar ba ta hau kansu ba, kuma can ne yawancin 'yan'uwanmu ke aiki.

In burinka takardar da za ta yi aiki a nan ne, duba gida tukuna. Arab Open University, wadda ta fara a 2002 da haɗin gwiwar Open University ta Ingila, tana da rassa a Riyad, Jidda, Madina da Dammam, tana ɗaukar masu igama, kuma karatunta gauraye ne, wani a aji wani ta intanet. Saudi Electronic University da aka kafa a 2011 ita ma tana da digirin akanta a irin wannan tsari. Sai dai ƙa'idar jami'o'in nan ita ce a yi mu'adalar darasin da aka karanta a jami'ar da ma'aikata ta amince da ita, ana gwada manhaja da manhaja. Sophia da Saylor da Study.com takardar ACE suke bayarwa, don haka kada ka tara kiredit ɗinsu da zaton za ka shigo da shi nan.

Mai niyyar komawa Najeriya shi ma da nasa. Digirin waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance shi, hukumar NYSC kuma tana neman fasfo mai ɗauke da biza da tambarin shiga da fita na ƙasar da aka yi karatun. Wanda bai taɓa taka Amurka ba, ba shi da abin nunawa. Mai sha'awar CPA, lasisin akantoci na Amurka, kuwa ya sani cewa hukumomin jihohi da yawa ba sa ƙirga kiredit ɗin ACE sai ya bayyana a takardar wata jami'a tabbatacciya.

Shi ya sa ga wanda abin da yake nema shi ne aiki a ƙasashen Larabawa, ba digirin Amurka ba, nake ganin ACCA, shaidar ƙwararrun akantoci ta Birtaniya, ta fi dacewa da kuɗinsa. A tsarin da ake kai yanzu jarrabawa 13 ce, ukun farko ana rubuta su a kwamfuta duk lokacin da aka shirya, akwai matakin share fage ga wanda takardunsa ba su cika ba, kuma da IFRS, ƙa'idojin akanta na ƙasa da ƙasa, take koyarwa. Tana yafe har jarrabawa 9, amma ga mai cikakkiyar shaidar karatu, ba ga mai tarkacen kiredit ba. CMA, shaidar akantar gudanarwa ta Amurka, ita ma tana da kasuwa a nan, sai dai ba a ba da shaidarta sai da digiri da shekara biyu na aiki.

Abin da ke cikin kwas ɗin, da abin da babu

Makonni biyun farko suna da daɗi, musamman ga wanda ya saba da littafin shago. Inda ake fara zamewa shi ne gyare-gyaren ƙarshen zango, domin ɗan kasuwa ya saba ƙirga kuɗi ranar da ya fita daga aljihu, akanta kuwa tana ƙirga shi a lokacin da aka ci amfaninsa. Ka biya hayar shago riyal 24,000 na shekara ran 1 ga Oktoba. Ran 31 ga Disamba abin da ka kashe 6,000 ne kacal, sauran 18,000 dukiyarka ce da ke hannun mai gida. Ka sayi motar kai kaya riyal 60,000, za ta yi shekara biyar a sayar da ita 10,000, to kowace shekara 10,000 ake cirewa, ba 60,000 a shekarar farko ba. Wanda bai zauna da wannan ya fahimce shi ba, zai sha wuya a babin bashin da ba zai biyu ba, da daidaita littafi da takardar banki, da bayanin shige da ficen kuɗi. Karanta bayani ba ya isa, sai an ɗauki takarda da biro an warware misalai da hannu.

Kwasa-kwasan nan ƙa'idojin Amurka, GAAP, suke koyarwa. Saudiyya kuwa IFRS take bi, kamfanonin kasuwar hannun jari tun 2017, sauran tun 2018. A matakin farko bambancin kaɗan ne, amma akwai wanda ke fitowa fili. Ka sayi katan 100 na dabino a riyal 40, ka ƙara 100 a riyal 50, ka sayar da 100 a riyal 70. In ka ɗauka na farko ne ya fara fita, wato FIFO, ribarka 3,000. In ka ɗauka na ƙarshe ne, wato LIFO, 2,000. In ka bi matsakaici, 2,500. Jarrabawar Amurka za ta tambaye ka duka ukun, amma IFRS ta hana LIFO, kada ka kawo shi littafin kamfani a nan.

Ba kuma za ka ga zakka ba, ko harajin VAT da ya fara da kashi 5 a Janairun 2018 ya koma 15 a Yulin 2020, ko fatura ta lantarki da hukumar ZATCA ta wajabta tun 4 ga Disambar 2021. Waɗannan su ne abin da mai kamfani zai fara tambayarka, kuma a shafin hukumar ake koyonsu. Babin takardun bashi kuwa cike yake da lissafin kuɗin ruwa, ba a tsallake shi a jarrabawa. Mai son ganin yadda ake rubuta murabaha da ijara sai ya nemi ƙa'idojin AAOIFI, hukumar akantar bankunan Musulunci da ke Bahrain.

Biya, suna da lokaci

Katin mada zalla ba ya wucewa a shafukan Amurka, sai wanda ke ɗauke da tambarin Visa ko Mastercard, kuma sai an buɗe sayayyar waje ta intanet a manhajar banki. Banki yana ɗora ɗan kaso na canji a kai. Kuɗin wata kuma da kansa yake sabuntawa, don haka ranar da ka gama ka shiga ka soke, in ba haka ba wata riyal 371 ta tafi. Kada a buɗe rajista ana gab da azumi ko aikin Hajji. Mai aiki a shago ko otal a Makka ba ya samun awa biyu a jere a waɗannan watanni, kuɗin kuma yana ta tafiya. Bayan alhazai sun watse ya fi. Dabarar da ke rage kuɗi ita ce a fara karanta darasin kyauta a Saylor har a fahimta, sannan a biya wata guda a inda jami'ar ta amince a kammala kwas biyu.

Sunan da za ka buɗe asusu da shi ya zama na fasfo, harafi da harafi. In fasfo ya ce Muhammad, igama ta ce Mohammed, takardar WAEC ta ce Muhammed, to ofishin jami'a zai iya ɗaukarsu mutum uku, takardar sakamakonka ta zauna ba a haɗa ta da fayil ɗinka ba. Ranar haihuwa ma ta miladiyya ce, kuma Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana: 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne.

Jarrabawar da ake sa wa ido tana buƙatar kwamfuta mai kyamara, ba waya ba, da ɗakin da ba mai shigowa, da intanet ɗin da ba VPN a kansa. Ana nuna fuska tare da fasfo a kyamara, saboda haka 'yar'uwa mai niƙabi ta tambayi kamfanin yadda tsarinsu yake tun kafin ta biya. New York tana bayanmu da awa bakwai a bazara, takwas a hunturu, ga hutunmu Juma'a da Asabar, nasu Asabar da Lahadi. Saƙon da ka tura ranar Asabar sai yammacin Litinin za ka ga amsarsa.

Bayan ka ci, kiredit ba ya tafiya da ƙafarsa. Sai ka shiga ka nemi a tura takardar sakamako kai tsaye zuwa jami'ar, yawanci ta shafukan tura takardu na Parchment ko Credly. Wadda ka sauke a wayarka ka tura da kanka ba a ɗaukarta ta hukuma. Bayan mako biyu zuwa huɗu ka nemi rahoton tantancewa, ka gwada shi layi-layi da amsar da suka ba ka a rubuce tun farko. In Managerial Accounting ya faɗa cikin darussan zaɓi maimakon gurbinsa, ka ɗaukaka ƙara da manhajar kwas ɗin da shafinsa na ACE a haɗe, kafin ka yi rajistar zangon farko.